Tukunyar ɓuɓɓuga da kwaikwayonta a kwamfuta: tambayoyin da aka fi yi mini

Duk shekara, da zarar lokacin zaɓen aikin kammala karatu ya ƙarato, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawo mini daga ɗaliban injiniya na nan Kano. Wani lokaci har masu walda da aka kai wa zane aka ce su ƙera sukan zo da nasu, kuma nasu sun fi kaifi. Na tattara su a nan yadda aka yi mini su. Sunan "tukunyar ɓuɓɓuga", wato spouted bed a Turance, ni na raɗa, don duk wanda ya ga abin yana aiki, idon ruwa ne zai fara faɗo masa a rai.

Malam, wai mece ce ita wannan tukunyar?

Ganga ce a tsaye, gindinta kamar mazurari. A cika ta da hatsi, a huro iska da ƙarfi ta ƙaramar kafa ɗaya da ke tsakiyar gindin. Idan iskar ta kai, sai ta huda hanya ta tsakiyar hatsin har sama, ta kwashi ƙwayoyi ta cilla su, su buɗe kamar laima su zubo gefe, su riƙa gangarowa a hankali har su sake faɗawa bakin iskar. Haka za su yi ta zagaye.

Sassa uku ke nan. Hanyar tsakiya ina kiranta maƙogwaro: iska ce ta fi yawa a ciki, ƙwayoyi kuwa suna gudun mita da dama a daƙiƙa. Ta sama ita ce laima. Hatsin da ya kewaye maƙogwaron shi ne zobe, inda ƙwayoyi ke cunkushe suna goga juna, suna sauka 'yan santimita kaɗan a daƙiƙa, sararin da ke tsakaninsu kuwa wajen kashi 40 cikin 100 ne. Wanda ya taɓa ganin ƙaramin injin gugguru mai hura iska mai zafi ya ga ɗan'uwanta.

Daga ina ta samo asali?

Daga Kanada. K. B. Mathur da P. E. Gishler ne suka fito da ita a Hukumar Bincike ta Ƙasa da ke Ottawa, suka wallafa aikin a 1955, kuma alkama suke neman busarwa. Sun fara da hanyar da aka saba, wato hura iska ta faranti mai ƙananan huji da yawa har garin abu ya riƙa tafasa kamar ruwa. Wannan yana yi da gari da yashi mai laushi. Alkama ta ƙi: sai manyan kumfa su taso, hatsin ya ɗaga gaba ɗaya ya faɗo. Da suka tattara iskar a kafa ɗaya, sai abin ya zauna.

A 1973 Derek Geldart ya kasa ƙwayoyi gida huɗu, A, B, C da D, bisa girmansu da nauyinsu. Gidan D, wato manya masu nauyi da suka haura kamar milimita 1, shi ne na ɓuɓɓuga. Dawa, masara, wake, gyaɗa, shanshera, waken suya, kusan duk abin da ake aunawa da tiya a Dawanau ɗan gidan D ne. Fulawa kuwa 'yar gidan C ce, mai manne wa juna, kada ma a gwada.

Ga rana kyauta a Kano. Me za mu yi da injin busarwa?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma a watan Maris mai tambayar ne ke da gaskiya. Amma je ka Kura ko Bunkure a watan Agusta ka ga masu gumi sun shanya shinkafa, hadari ya haɗo, ana ta guje-gujen naɗe tamfol. Shinkafar da aka turara tana fitowa da danshi sama da kashi 30 cikin 100, alhali sai ta sauko wajen 14 kafin a kai ta inji. Masarar damina da gyaɗa ma haka: idan suka daɗe da laima sai fumfuna ta kama, ta bar gubar afalatoksin, wadda ke sa a dawo da kaya daga kasuwar waje.

Inda tukunyar ta yi fice shi ne ƙwaya ba ta daɗewa a cikin zafi. Ƙasa da daƙiƙa guda take yi a maƙogwaro, sannan ta koma zobe ta huta, danshin cikinta ya samu damar fitowa waje. Wannan hutun shi ke rage tsagewar shinkafa, don haka ana iya ba ta iskar da ta fi ta sauran injuna zafi. Sai dai idan iri ne na shuka, kada zafin ƙwayar kanta ya wuce digiri 40 zuwa 43, in ba haka ba ba zai tsiro ba.

Ba busarwa kaɗai ba ce. Da 'yar'uwarta ake lulluɓe ƙwayoyin magani, dabarar da Dale Wurster ya fito da ita a Jami'ar Wiskonsin. Da ita ake dunƙula takin yuriya a fasahar kamfanin Toyo na Japan, ake lulluɓe ƙananan ƙwayoyin makamashin nukiliya, kuma masu bincike a Bilbawo ta ƙasar Sifen sun daɗe suna sarrafa leda da garin katako da zafi a tukunya mai siffar mazurari zalla.

Tun da ana iya ƙerawa a gwada, mene ne na wahala da kwamfuta?

Ƙarfe ba ya nuna cikinsa. Kana iya ganin laima daga sama, amma ba ka ganin faɗin maƙogwaro, ba ka san kashi nawa na iskar ya bi tsakiya ya fice a banza ba, nawa ya kutsa cikin zobe inda yawancin hatsin yake. Wannan rabon shi ke yanke ko injin zai ci mai a banza. Sannan duk canjin da za ka yi wa kusurwar mazurari ko faɗin kafa, sabon falan ƙarfe ne daga Ƙofar Ruwa da sabon kuɗin walda. A kwamfuta lamba ɗaya kake sauyawa.

Amma in faɗa maka tun yanzu: kwamfuta ba ta san dawa ba. Abin da ka gaya mata game da dawa shi take juyawa ta dawo maka da shi cikin launuka masu kyau.

Akwai lissafin da zan yi da biro kafin in kunna komai?

Akwai, kuma ban yarda ɗalibi ya tsallake shi ba. Mathur da Gishler sun bar mana ƙa'idar gano mafi ƙarancin gudun iskar da zai riƙe ɓuɓɓuga. Abu uku ake ninkawa. Na farko, faɗin ƙwaya a raba da faɗin ganga. Na biyu, faɗin kafa a raba da faɗin ganga, a ɗauki tushe na uku (cube root). Na uku, a ninka 2 da 9.81 da tsayin hatsi da nauyin ƙwaya, a raba da nauyin iska (dukansu a mita kubik), a ɗauki tushe na biyu (square root). A ƙa'ida ana cire nauyin iska daga na ƙwaya tukuna, amma bambancin bai taka kara ya karya ba.

Mu gwada da dawa. A ce faɗin ƙwaya milimita 4, nauyinta kilo 1,300 a mita kubik, ganga santimita 15, kafa santimita 2, tsayin hatsi santimita 30, iska kilo 1.2 a mita kubik. Na farko ya ba da 0.0267, na biyu 0.51, na uku kusan 80. Amsa: kamar mita 1.09 a daƙiƙa. Ka lura, wannan gudu ne a faɗin ganga gaba ɗaya. A bakin kafar, da yake ta fi gangar ƙanƙanta sau 56, gudun ya kai mita 61 a daƙiƙa. Iskar da ake bukata kuwa kusan mita kubik 69 ce a awa.

Ga inda Kano ta shigo. Wannan 1.2 ɗin na iskar bakin teku ce a digiri 20. Birninmu yana sama da teku da mita ɗari huɗu da wani abu, kuma a Afrilu zafi kan kai digiri 40. Iskar ranar ba ta wuce kilo 1.07 ba, wanda ke ƙara gudun da ake bukata da kusan kashi 6 cikin 100. Idan ka ɗumama ta don busarwa ta ƙara sauƙi. Na sha ganin rahoton da aka kwafo 1.2 daga littafi, sannan aka cika shafi biyu ana neman dalilin da ya sa gwaji bai dace da lissafi ba.

To idan an zo kwamfutar, yaya ake kwaikwayon?

Ita iskar, hanya ɗaya ce: a yanka cikin tukunyar zuwa raga mai ƙananan gidaje kamar na dara, a lissafa gudu da matsi a kowane gida, a bi yadda suke miƙa wa juna. Wannan shi ake taƙaitawa da CFD. A kan ƙwayoyi aka rabu biyu.

Ɓangare na farko sun ce a manta da ɗaiɗaikun ƙwayoyi, a ɗauki hatsin duka tamkar wani ruwa mai kauri da ke ratsa iskar, shi ya sa ake kiranta hanyar ruwa biyu. Anderson da Jackson ne suka shimfiɗa tushen wannan a 1967. Matsalar ita ce ruwa yana da kauri da matsi da aka sani, hatsi ba shi da su, sai an ƙirƙira masa. An aro su daga nazarin ƙwayoyin gas: yadda zafi ke nuna kaɗawar ƙwayoyin iska, haka aka ƙago wani "zafin hatsi" mai auna yadda ƙwayoyi ke zillo suna karo. A maƙogwaro da laima wannan yana tafiya, don can karon na ƙiftawar ido ne. A zobe kuwa ƙwayoyi ba karo suke ba, kwance suke a kan juna suna murzawa, kamar mutane a Kwari ana saura kwana biyu salla. Dole a ƙara wani lissafin gogayya, irin na Schaeffer ko na Johnson da Jackson, duka na 1987, kuma amsarka za ta sauya gwargwadon wanda ka ɗauka.

Ɓangare na biyu sun ce a bi kowace ƙwaya da ƙafa. Kowacce tana da wurinta da gudunta da juyawarta, ana aiki da dokar Niyuton a kanta. Idan biyu suka haɗu, sai a ɗauka akwai ɗan sifirin da ɗan shokazoba a tsakaninsu, da gogayya idan suka zame. Cundall da Strack ne suka kawo wannan a 1979 don nazarin duwatsu da ƙasa, ake kiransa DEM. Tsuji da abokan aikinsa a Jami'ar Osaka suka aura shi da lissafin iska a 1993.

Wanne zan ɗauka?

Ga ƙaramar tukunya, bin ƙwaya-ƙwaya. Dalilina zobe ne: can ne mafi yawan hatsin yake, kuma can ne hanyar ruwa biyu take da rauni. Ƙari a kan haka, bin ƙwaya zai gaya maka sau nawa ƙwaya ɗaya ta zagaya a minti da tsawon zamanta a zafi, abin da mai busarwa da mai lulluɓi suke son sani ke nan.

Kuɗinsa lokaci ne. Tukunyar misalinmu tana cin dawa kilo 3 da ɗoriya, bai kai tiya biyu ba, amma ƙwayoyi kusan 70,000 ne. Karo yana faruwa da sauri, don haka takun lokaci ɗaya kan zama kashi ɗaya cikin 100,000 na daƙiƙa. Daƙiƙa guda ta aikin injin ta zama lissafi sau biliyan 7 a kan ƙwayoyi, kai kuma kana bukatar daƙiƙa goma ko fiye kafin ka ɗauki matsakaici. Mutane na rage wahalar ta hanyar sassauta taurin sifirin, abin da ba ya cutarwa sosai idan hatsin busasshe ne. Idan ganga ta kai mita guda, ƙwayoyi sun shiga miliyoyi. Nan sai dai ruwa biyu, ko a dunƙule ƙwayoyi da yawa a ɗauke su kamar ɗaya.

Na ga sunaye barkatai a wurin zaɓen turin iska. Gidaspow, Wen da Yu, Syamlal...

Turin iska shi ne igiyar da ta ɗaure lissafin iska da na ƙwaya, kuma duk ƙa'idojinsa daga gwaji aka samo su. Ta Ergun, ta 1952, ta cunkusasshen wuri ce. Ta Wen da Yu, ta 1966, ta inda ƙwayoyi suka warwatsu ce. Dimitri Gidaspow na Shikago ya haɗa su: idan sarari bai kai kashi 80 cikin 100 ba a bi Ergun, idan ya wuce a bi Wen da Yu. Ya dace da tukunyarmu tun da tana da wurare biyun, amma a daidai mahaɗar lissafin yana yin tsalle, kuma mahaɗar ba ta da nisa da bangon maƙogwaro. Fara da ita. Sake gudanarwa da wata. Idan tsayin laima ya bambanta sosai, rubuta hakan a rahotonka, sakamako ne shi ma.

Gidajen ragar, ba gwamma in ƙanƙanta su sosai ba?

A lissafin iska zalla, haka ne. A bin ƙwaya-ƙwaya akwai tarko. Kwamfuta na ƙirga sararin kowane gida ne daga ƙwayoyin da ke cikinsa, don haka ana son gida ya ninka ƙwaya kamar sau uku. Dawar milimita 4 na son gidan milimita 12. Kafarka kuwa milimita 20 ce, ko gida biyu ba ta cika ba, ga shi nan ne iska ta fi gudu. Ka ƙanƙanta gida, ƙwaya ɗaya ta cike shi, lissafi ya haukace. Ka faɗaɗa, maƙogwaro ya dushe. Mafita ita ce a baza girman kowace ƙwaya zuwa gidajen maƙwabta, ko a yi raga biyu, ɗaya ta iska ɗaya ta ƙirga sarari. Manhajojin zamani suna da wannan zaɓin, amma sai ka kunna shi da hannunka.

Lambobin hatsin fa, ina zan samo su?

A nan nake son ka daɗe. Yawancin takardun da za ka karanta da duwatsun gilas aka yi su, masu santsi, masu girma ɗaya, zagayayyu kamar an zana. Kaura ba haka take ba, kuma ba ɗaya take da farfara ba. Shanshera doguwa ce mai kaushi. Wake kamar ƙoda. Ko buhu ɗaya ne, lambobinsa a danshi kashi 25 ba su ne na danshi kashi 13 ba.

Abin daɗin shi ne awon ba ya bukatar kayan waje. Girma: ɗebi ƙwaya 100, auna tsawo da faɗi da kauri da kalifa. Nauyi: zuba hatsin da ka san nauyinsa a kwalbar awo mai kananzir ka ga yadda ya ɗaga. Kada ka sa ruwa, hatsin zai sha. Tsalle: saki ƙwaya daga santimita 50 a kan irin ƙarfen da za a yi tukunyar, ɗauka da kyamarar waya a tafiyar hawainiya. Idan ta dawo santimita 18, raba 18 da 50 ka ɗauki tushe na biyu, ka samu 0.6. Yi sau talatin, don ƙwayar da ba zagayayya ba duk inda ta ga dama take zillewa. Gogayya: tsiyaye tiya guda ta mazurari a kan daɓe, auna kusurwar tsibin. Sannan ka tsiyaye irin wannan tsibin a kwamfuta, ka yi ta gyara lambar zamewa da ta mirginawa har kusurwoyin su zo ɗaya. Ga shinkafa, a manna ƙwallaye uku ko biyar a jere su ba da siffarta, sai dai lokacin lissafi zai ninku.

Ɗalibin da ya auna waɗannan a kan dawa, gero da waken da ake nomawa a nan, ya rubuta su da kyau tare da danshinsu, a wurina ya fi wanda ya kawo hoton laima mai launi bakwai yin aiki.

Yaya zan gane kwamfutar ba ƙarya ta yi mini ba?

Mataki biyu. Fara da gwajin da duniya ta sani: na He da abokan aikinsa a Jami'ar Biritish Kolombiya, 1994. Ganga mita 0.152, kafa mita 0.019, mazurari digiri 60, duwatsun gilas na milimita 1.41, tsayinsu mita 0.325. Sun auna gudun ƙwayoyi da sarari da zaren haske, shi ya sa kusan kowa da shi yake gwada lissafinsa. Idan naka ya kasa kusantar nasu, kada ka zuba dawa tukuna.

Sannan naka gwajin. A tsaga ganga gida biyu a tsaye, a rufe fuskar da gilas, ka ga maƙogwaro da idonka. Rina 'yan ƙwayoyi ka bi saukarsu da agogo, amma ka tuna gilas ɗin yana ɗan rage musu gudu. Matsi kuwa, siririn tiyon da magina ke duba lebur da shi ya isa: lanƙwasa shi, zuba ruwa, kowace santimita ta bambanci kusan faskal 98 ce. Kwatanta abu huɗu: mafi ƙarancin gudu, matsi, faɗin maƙogwaro, tsayin laima. Wanda ya gyara lambobinsa har laima kaɗai ta dace, sauran ukun suka watse, gyaran gangar auzinawa ya yi.

Injiniya, mun ƙera kamar yadda aka zana, bulowa na ta kuka, hatsi ko gezau. Ina matsalar?

Maigida, mai yiwuwa aikinku ba shi da laifi. Kafin iska ta huda hatsi sai ta fara tono ɗan kogo a ƙasa, tana danna na sama yana ƙara cushewa. Matsi na ta hawa har ya kai ƙololuwa, sannan hanya ta ɓalle, matsin ya faɗo ƙasa warwas. Wanda ya zaɓi bulowa da matsin aiki na yau da kullum, bai duba ƙololuwar tashi ba, zai tsaya a bakin ƙofa. Irin fankar da ke ba da iska mai yawa amma ba ƙarfin turi ba ta dace ba.

Kafin ku sayi wata: ku kunna da hatsi kaɗan, ɓuɓɓuga ta kama, sannan ku riƙa ƙarawa. Ku duba kafar kuma. Kada faɗinta ya wuce kamar kashi ɗaya cikin uku na gangar, kada kuma ya ninka ƙwaya fiye da sau 25 zuwa 30. Akwai kuma tsayin da idan hatsi ya wuce shi, ko wace bulowa aka kawo ba zai ɓuɓɓugo ba, sai dai ya yi ta tuƙa. Wannan bambancin hawa da sauka ne ya sa ake auna mafi ƙarancin gudu ana rage iska a hankali har laima ta rushe, ba ana ƙarawa ba. Ɗalibai, ku ma haka za ku yi a kwamfuta.

Idan ƙaramar ta yi, sai in ninka komai in yi ta buhu goma?

A'a. Ƙa'idar Mathur da Gishler kanta takan ba da ƙasa da abin da ake bukata idan ganga ta haura kamar rabin mita. Ganga na faɗi, zobe na ƙaruwa fiye da maƙogwaro, hatsin bango ya zama ɗan kallo. Masu yin babba sukan jera kafofi da yawa a akwati ɗaya, ko su yi doguwar tsaga a madadin zagayayyar kafa, ko su kafa bututu a tsakiya ya zama bangon maƙogwaro. Bututun yana rage matsi, ya kawar da iyakar tsayi, amma yana hana iska shiga zobe. Ga lulluɓi alheri ne. Ga busarwa sai a huhhuda shi.

Wace manhaja, kuma laftof ɗina zai iya?

MFiX kyauta ce, daga wata cibiyar binciken makamashi ta gwamnatin Amurka, rajista kawai ake yi, kuma tana da hanyoyin biyu. OpenFOAM ma kyauta ce, ana haɗa ta da LIGGGHTS don bin ƙwaya, sai dai tana son wanda ya saba da Linux. ANSYS Fluent ta kuɗi ce, ta ɗalibai kuma tana da iyakar girman aiki. Ni da MFiX nake cewa a fara.

Laftof mai ƙwaƙwalwa huɗu ko takwas zai ja siririyar tukunya mai faɗin ƙwaya goma daga gaba zuwa baya, da ƙwayoyi dubu ashirin ko talatin, cikin 'yan kwanaki. Saita manhajar ta riƙa ajiye inda ta kwana duk bayan ɗan lokaci, don idan aka ɗauke wuta a awa ta talatin ka ci gaba daga nan. Ɗora shi a kan abin da iska za ta ratsa ƙarƙashinsa, ba a kan katifa ba. Da hunturu kuma a buɗe a kakkaɓe fankarsa, don ƙurar Disamba takan toshe ta, injin ya yi zafi ya rage gudu da kansa, aikin kwana uku ya koma na mako.